Kayan ƙungiyar mahaifinmu: mu yi gwanjonsu don yi masa sadaka, ko mu ajiye?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Baba. Mahaifinmu ya rasu wata 8 da suka wuce. Ya yi fiye da shekara 30 a ƙungiyar Rotary, ta masu ayyukan taimakon al'umma, a nan Kano, har ya taɓa shugabantar kulob ɗinsu. Da muka buɗe ɗakinsa mun tarar da akwati cike da kayan ƙungiyar: bajoji, filolin maƙalawa a riga, ƙananan tutoci na garuruwa daban-daban, allunan karramawa, takardun shaida, hotuna, da wata sarƙa mai nauyi da aka jera sunaye a jikinta. Ni ce babba, mu 7 ne, biyu ba su balaga ba, kuma iyayenmu mata biyu suna raye. Ina so in yi gwanjon kayan, mu haɗa kuɗi mu yi masa sadaka mai gudana. Wani ƙanena ya ce tarkace ne ba mai saye, wani kuma ya ce sayar da su cin mutuncin Baba ne. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ku da iyayenku mata haƙurin wannan rashi. Idan na fahimce ki, tambayoyi uku kika ƙunsa a cikin ɗaya: ko kina da ikon taɓa kayan, ko za su kawo kuɗin da zai isa wani aiki, da kuma ko sayar da su girmama mamaci ne ko tozarta shi. Na daɗe a cikin wannan ƙungiya, na sha shirya tarukan gidauniya, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba iyalan abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya sun zo mini da akwati irin naku. Ƙannenki biyu kowannensu ya kama wani ɓangare na gaskiya, ke ma kin kama naki, kuma ana iya haɗa ukun ba tare da an ɓata wa kowa ba.

Abin da ke cikin akwatin

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Chicago na Amurka a 1905, kuma kulob na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi, a 1961. Daga Kano ne kuma aka sami ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya baki ɗaya, wato lauya Jonathan Majiyagbe, daga 2003 zuwa 2004. Saboda haka mutumin da ya yi shekara 30 a cikinta a Kano ya zauna da 'yan kasuwa, likitoci, lauyoyi da ma'aikata na ƙabilu da addinai iri-iri, kuma akwatin nan shaidar wannan zama ce.

Ƙananan tutocin da kika gani al'ada ce ta ƙungiyar: idan ɗan kulob ya ziyarci wani kulob a wani gari, sai ya miƙa tutar kulob ɗinsa, su ma su ba shi tasu. Kowace tuta ke nan tana nuna wani gari da ƙafarsa ta taka, ko wani baƙo da ya zo ya same shi. Fil ɗin da ke da tambarin gargare mai haƙora 24 alamar zama ɗan ƙungiya ce. Sai ki duba da kyau ko akwai wani mai hoton fuskar Paul Harris. Tun 1957 Gidauniyar Rotary take ba da wannan karramawa ga wanda ya ba da dala 1,000, ko wanda aka bayar da sunansa. Idan kika ga ƙananan duwatsu shuɗɗa a gefensa, kowane ɗaya yana nuna ƙarin dala 1,000, har zuwa biyar, bayan nan sai a koma jajaye. Na taɓa zama da wani saurayi da ya ƙirga duwatsun fil ɗin mahaifinsa a gabana, ya yi shiru na tsawon lokaci, don bai taɓa sanin tsohon yana kyauta haka ba.

Amma a kasuwa, maganar ƙanenki na farko tana da ƙarfi. Yawancin waɗannan kaya ana buga su ne da yawa, da tagulla ko wani ƙarfe da aka shafa wa ruwan zinare, kuma duk da akwai masu tara irinsu a Amurka da Turai da ke saye ta intanet, abin da suke biya kan na yau da kullum kaɗan ne, kuɗin aikawa kuma sai ya cinye ribar. Idan akwai wanda kike zaton zinare ne ko azurfa, ki kai wa amintaccen maƙeri ya gwada kafin a yi masa kuɗi. Ban da wannan, kada ki ɗora lissafinki a kan abin da baƙon ido zai biya. Wanda zai buɗe aljihunsa saboda waɗannan kaya shi ne wanda ya san mai su.

Kafin a taɓa komai: kayan na wa ne?

A nan nake so ki fi natsuwa, domin a nan kyakkyawar niyya take yawan zamewa. Daga ranar da mahaifinku ya cika, duk abin da ya mallaka, komai ƙanƙantarsa, ya zama dukiyar gado. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya idan ya bari, wadda ba ta wuce sulusi, sannan a raba saura kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Iyayenku mata biyu suna tarayya a cikin sumuni, tunda akwai 'ya'ya, ku kuma ku raba ragowar tare da duk wani magaji da ke da haƙƙi, namiji yana da rabon mata biyu. Kasancewarki babba ya ba ki girma da damar kiran taro, amma bai ba ki ikon yin kyauta da rabon wani ba. Bajo ɗaya da ba zai yi kuɗin cefane ba, na mutum tara ne ko fiye, har sai an raba ko an yafe.

Manya suna iya yafewa, kuma nakan shawarci iyali su rubuta wannan yafewar a takarda, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, ba don rashin yarda ba, sai don yau da gobe. Ƙananan biyu kuwa marayu ne, kuma ba a yin sadaka da dukiyar maraya, ko da mahaifiyarsa ko waliyyinsa sun ga dacewar hakan, ko da shi yaron da bakinsa ya ce ya yarda. Gargaɗin da ke aya ta 10 a Suratun Nisa'i a kan cin dukiyar marayu ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan. Mafitar kuma ba ta da wahala. A samo mutum biyu masu gaskiya su yi wa kayan kuɗi, a fitar da abin da ya faɗa rabon yaran, manya su biya daga aljihunsu a ajiye musu. Ko kuma, wanda na fi so, a ware wa kowannensu wasu daga cikin kayan a adana har su girma. Yaron da ya rasa uba yana ƙarami, watarana zai nemi wani abu da hannun uban ya taɓa, kuma ba zai ji daɗi ba idan aka ce masa an sayar tun yana firamare, ko da kuwa don aikin lada ne.

Ki fara da iyayenku mata kafin kowa. Su ne suka wanke rigunan da aka maƙala waɗannan filoli, su ne suka jira shi ya dawo daga taro da dare, kuma sau da yawa su suka san wane hoto ne aka ɗauka a ina. Ki same su ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, ki nemi izini, kada su ji labarin daga bakin ƙanne.

Sannan akwai abin da ba gado ba ne sam. Sarƙar nan mai jerin sunaye, bisa yadda kika kwatanta ta, ta yi kama da sarƙar shugaban kulob, wadda ake rataya wa sabon shugaba a kowace shekara, ana ƙara sunansa. A al'ada mallakar kulob ce, shugaba aronta yake yi na tsawon wa'adinsa. Tana iya yiwuwa tsohuwa ce da aka daina amfani da ita aka bar masa, tana kuma iya yiwuwa ajiya aka ba shi. Ki kai wa sakataren kulob ɗin ya duba. Haka nan duk wani littafin taro, rasit ko takardar asusu da kika samu a akwatin. Mayar da amana ita ce sadakar farko da za ki yi wa mahaifinki, kuma ita ce za ta buɗe miki ƙofar mutanen da za ki buƙata nan gaba. Ki kuma tambaye su ko akwai kuɗin ƙungiya da ake binsa ko alkawarin gudummawa da bai cika ba. Idan akwai, malami zai faɗa muku matsayinsa a shari'a, amma a ganina manyan 'ya'ya su sauke shi daga rabonsu ya fi kwanciyar hankali.

Gwanjo, ko wata hanya

Gwanjo a kan kansa halal ne, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Abin da aka hana shi ne najashi, wato a sa wani ya riƙa ƙara tayi alhali ba ya nufin saye, don kawai a zuga wasu su ƙara. Ina ambata wannan ne saboda na ga ana yin sa a tarukan gidauniya da sunan cewa ai don taimako ne, kuma kyawun manufa ba ya halatta yaudara. Haka kuma ki guji sayar da tikiti a ce wanda lambarsa ta fito shi zai ɗauki kaya. Wasu ƙungiyoyi suna yin haka, amma siffar caca gare shi, kuma ba za ki so ladan da kike nema wa mahaifinki ya biyo ta wannan hanya ba.

Mafi munin abin da na gani shi ne iyalin da suka gaji da ganin akwati, suka kira dillali ya kwashe komai a buhu a kan kuɗin da bai kai na ragon suna ba. Bayan wata biyu abokan marigayin suka zo neman hotuna don su shirya masa taron tunawa, ba a sami ko ɗaya ba. Ni kaina ina da laifi a wannan, domin na san da akwatin, na yi ta cewa zan je in duba, ban je ba sai da aikin gama ya gama.

Abin da na gwada ya yi kyau shi ne a mayar da kayan sanadin haɗuwa. A sami fili, ko tsakar gida ko harabar makaranta, a shimfiɗa tebura, a jera tutocin bisa shekaru ko garuruwa, a sa ɗan rubutu a ƙarƙashin kowane hoto, a gayyaci abokan kulob ɗinsa, abokan kasuwancinsa ko aikinsa, maƙwabta da 'yan'uwa. A buɗe da addu'a, mutum uku ko huɗu da suka san shi su yi magana a taƙaice, sannan a bayyana aiki guda ɗaya da ake son yi da sunansa, da kuɗin da zai ci, a nemi gudummawa. A irin wannan zama mutum yakan tsaya gaban hoton da yake ciki shekara 20 da suka wuce, ya tuna ranar da marigayin ya biya masa kuɗin asibiti ko ya tsaya masa a wata matsala, ya ba da abin da ba zai taɓa bayarwa a kan bajon tagulla ba.

Idan har ana son gwanjon, a taƙaita shi ga 'yan kaya kaɗan, musamman waɗanda aka samu bibbiyu, kuma a tsakanin waɗanda suka san shi. Sau da yawa wanda ya saya yakan biya kuɗin, ya juya ya miƙa wa ɗaya daga cikin 'ya'yan kayan ya ce a ajiye. Kada a nemi hakan daga kowa, kada kuma a nuna ana jira, domin wanda ya saya ya mallaka. Wannan tsari yana amsa damuwar ƙanenki na biyu: abin da yake gudu shi ne ya ga lambar yabon mahaifinsa a shimfiɗe a bakin titi ana tayawa, kuma yana da gaskiya. Ki ba shi aikin zaɓen abin da ba za a sayar ba ko da nawa aka taya.

Akwai hadisi a Sahihu Muslim da nakan tuna a duk lokacin da irin wannan magana ta taso. Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa. Da abokan tafiyarsa suka yi mamaki, sai ya ce mahaifin wannan mutum abokin Umar ne, kuma ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa yana daga mafificin biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Kiran abokan mahaifinki, gaishe su, da ba wa tsofaffin cikinsu wata tuta ko hoto kyauta, shi kansa biyayya ce, tun kafin a tara ko kwabo.

Abu biyu kuma na ƙa'ida. Suna da tambarin Rotary suna da rajista, don haka kada ki buga sababbin huluna, riguna ko fosta da tambarin ba tare da kulob ɗin ya shiga cikin shirin ba. Fil ɗin zama ɗan ƙungiya kuma bai kamata ya faɗa hannun wanda zai maƙala shi ya riƙa yawo da sunan abin da ba shi ba. Ko ku ajiye, ko ku ba kulob su maƙala wa wani sabon shiga da ya taso a hannun marigayin. Na san kuma a cikin dangi ba a rasa wanda yake da shakku a kan irin waɗannan ƙungiyoyi, wasu malamai ma sun yi magana a kansu. Kada ki mayar da makoki fagen muhawara. Idan abin zai raba kan gida, a yi sadakar da sunan mahaifinku kawai, abokansa su zo a matsayin abokansa.

Inda kuɗin zai tafi

Ki zaɓi aikin kafin ki kira taro, kuma ki zaɓe shi daga rayuwar mamacin. Duba hotunan da allunan karramawar, za su gaya miki inda zuciyarsa take. Ɗan Rotary na Kano a waɗannan shekaru da wuya a ce bai taɓa aikin shan inna ba. Ƙungiyar ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da cutar, mai suna PolioPlus, a 1985, an ga shan inna ta daji ta ƙarshe a Nijeriya a jihar Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar cewa yankin Afirka ya rabu da ita. Har yanzu ana ɗiga wa yara rigakafi, kuma bisa yarjejeniyar da ke tsakanin Rotary da Gidauniyar Gates, kowace dala da aka bayar don wannan yaƙi ana ƙara mata biyu. Idan nan kuka nufa, ranar 24 ga Oktoba, wadda ake tunawa da yaƙi da cutar a duniya, ta dace da taronku. Sai dai wannan kuɗi ne da zai tafi inda idonku ba zai gani ba, kuma na lura iyali sun fi samun natsuwa da abin da za su iya ziyarta. A Kano akwai masu lalurar shan inna da suke ƙera kekunan guragu da hannunsu. Sayen kekuna daga wurinsu a raba wa mabuƙata taimako ne ta fuska biyu.

Ruwa shi ne abin da mutane suka fi zaɓa, kuma da hujja, domin ya zo a hadisi cewa Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi wace sadaka ta fi a madadin mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya. Amma ki zagaya unguwanni ki ƙirga rijiyoyin burtsatse da suka mutu, allon sunan mamaci yana nan a jiki, famfo ya bushe. Sadaka tana gudana ne muddin ruwan yana gudana. Idan rijiya za ku yi, ku tabbatar an yi binciken ƙasa kafin haƙa, ku sami rubutaccen izinin mai filin ko mai unguwa, ku naɗa wanda zai kula da ita, ku kuma ware wani kaso na kuɗin don gyara tun daga farko. Gyara matacciyar rijiya a makaranta ko asibiti sau da yawa ya fi haƙa sabuwa araha da amfani, ko da yake ba ya ɗaukar ido. Idan abin da aka tara bai kai nan ba, ɗaukar nauyin karatun yaro ɗaya har ya gama ya fi a fara ginin da zai tsaya a linta.

Kada kuɗin ya shiga asusunki na kanki, ko da minti ɗaya. Ko dai a bi ta asusun kulob ɗin idan sun karɓi aikin, ko a buɗe na musamman da mutum biyu za su sa hannu, ɗaya daga iyali, ɗaya daga abokan marigayin. A rubuta sunan kowane mai bayarwa da abin da ya bayar, ban da wanda ya nemi a sakaya shi, a ajiye rasit na kowane kashewa, kuma idan an gama a aika wa kowa bayani da hoto. Kuɗin kujeru, rumfa da abin sha ku ɗauke shi daga aljihunku, ku kuma taƙaita shi. Na halarci taron da kuɗin zaure da abinci ya kusa cinye abin da aka tara. Ban kuma ba ki shawarar ki garzaya hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista don yi wa wata gidauniya rajista da sunansa yanzu ba. Rajista tana zuwa da amintattu, rahoton shekara-shekara da ɗawainiya. Ku gama aiki ɗaya tukuna, ku ga ko 'yan'uwa suna da juriyar na biyu.

Abin da ya shafi ainihin rabon kowa, da ko akwai wasu magada kamar iyayen marigayin, wannan na malamin gado ne ko alƙalin kotun shari'a, ni iyakacina shirya taro da riƙon asusu, don haka ki fara da su. A wannan makon kuwa, ki zauna da iyayenku mata da akwatin a gabanku, ki ɗauki hoton kowane abu gaba da baya, ki rubuta a littafi abin da suka tuna game da shi, ki raba wa ƙannenki kwafin, sannan ki nemi lambar sakataren kulob ɗin ki sanar da shi maganar sarƙar. Allah Ya karɓa, Ya kai ladan kabarinsa.